Layi Ashirin a Gonar Kawu Mainassara

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Mun yi shuka. Layi ashirin, irin hatsi ashirin, a gefen gonar Kawu Mainassara da ke bakin hanyar Waca. A kansu zan rubuta memuwata, wato kundin binciken gama jami'a. In daminar nan ta wuce ban samu sakamako ba, sai baɗi.

Sau uku na yi wa Kawu bayani. Ƙasar nan ba ta da fosfor, abincin da saiwa ke tsotsa, kuma haka nake son ta. Wani irin yana da ƙwayoyin gado da ke farkawa in yunwa ta taɓa shi, su sa saiwa ta bazu ta lalubo ɗan abin da ya rage. In an ƙosar da shi ba za su farka ba, ni kuma ba zan gane gwani ba. Don haka ba taki, ko ƙyas. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ba ta kwanta mini ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Yawancin layukan sun tsumbure, ganye ya yi ja-ja. Daidai yadda littafi ya ce! Ni kaɗai ke murna a garin nan. Inna Baturiya, matar Kawu, ta ce a bakin rijiya ana tambayarta ko tsufa ne ya kama mijinta har ya bar gona haka. Wani mai babur ma ya tsaya ya yi masa jaje. Jaje fa. Kawu bai gama tuwonsa ba yau.

Talata, 15 ga Yuli

Na tono saiwa daga kowane layi, zan kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Zinder. Zan yi kwana goma sha biyu a can. Na roƙi Kawu kada ya taɓa komai.

Litinin, 28 ga Yuli

Tun daga cikin mota na hango hatsin kore shar. Na tona gindi ɗaya da yatsa: kashin awaki da toka, an rufe da ƙasa tsaf don kada in gani.

Kawu bai ma musa ba. Wai amalanke biyu kawai. Kawai! Na yi magana har muryata ta dushe, na faɗi abin da ba a faɗa wa kawu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Rumaisa'u, ke baƙuwa ce a gonar nan, ni ake gani. Shekara hamsin ban taɓa tsayawa ina kallon hatsi yana yunwa ba, alhali da taki a turke."

Na yi kuka, na haushi.

Laraba, 30 ga Yuli

Na kira Dokta Abdulwahabu, malamin da ke duba aikina. Ya ce gwajin gona ya lalace, a sake baɗi. Su Hamsatu, 'yan ajinmu, za su gama su bar ni. Ya ƙara da cewa da na zaɓi gonar da ba ta bakin hanya. Yanzu ya tuna.

Alhamis, 31 ga Yuli

Ban gaishe da Kawu ba. Inna ta ce ba haka aka rene ni ba. Na koma na gaishe shi a tsaye.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na je cire alamun layuka, Kawu ya biyo ni yana kame-kame. Can ya ce ai ba duka ya zuba wa ba, na bakwai da na goma sha biyar bai taɓa su ba. Na ce don me? Ya ce, "Su ba su roƙa ba." Wai ganyensu bai yi ja ba, kuma da ya ja ɗaya sai ta riƙe ƙasa gam, ta ƙi fitowa. Na tona. Ba taki, gaskiyarsa. Layi biyu cikin ashirin, me za su tsinana mini? Na dai rubuta, don takarda ba ta ƙare ba.

Asabar, 27 ga Satumba

An yi girbi. Kawu ya ware zangarniyar layukan nan biyu ya rataye a rumbu, ko izinina bai nema ba. Mutumin nan sai Allah.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Sakamakon saiwar da na kai tun kafin ɓarnar ya iso. Ƙwayoyin gadon jawo fosfor sun fi farkawa a iri biyu: bakwai da goma sha biyar. Na karanta sau huɗu ko lamba za ta canza. Wata uku injin labo ya yi a kai.

Shekarata dai ta tafi, wannan ba ya dawo da ita, kuma ban huce ba. Dokta ya ba ni wata gona a Mallawa don baɗi, da shinge da mai gadi. Na ce masa zan yi tunani, wai Mallawa ta yi mini nisa.

Ban gaya wa Kawu ba tukuna, don in ya ji, duk Waca sai ta ji. Gobe zan tambaye shi yadda ake jan karan nan a ji ya riƙe ƙasa. Tambaya ce kawai. Zan tafi da littafina.