Randar Inna a Gindin Tsamiya

Lahadi da dare, Talata Mafara

Yau a coci na kasa yin shiru. Na tambayi makomar Inna, kakata, wadda ta rasu a ƙauyenmu na bayan Maradun ba ta taɓa jin bishara ba. Dattijo Bawa ya ce ceto sai ta wurin Yesu, ba zai sassauta magana don ya faranta mini ba. Raina ya ɓaci, shi da bai taɓa shan ruwan randarta ba. Fasto kuwa ya ce, "Ɗiyata, ban sani ba. Amma ina zaton Allah ba shi tambayar mutum fitilar da ba a ba shi ba."

Kowace ranar kasuwa Inna takan cika randa a gindin tsamiya saboda matafiya, ba ta tambayar kowa daga ina yake. In an gode mata sai ta ce ruwan na Mai Sama ne. Wa take nufi in ba Shi ba?

Ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga, ko kabarinta ba na iya zuwa. Kewarta nake yi.

Ya Ubangiji, ba ta san sunanka ba. Kai dai ka san nata.