Rantsuwar da na yi wa Baba Injiniya

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Admin don Allah a ɓoye sunana, garin namu kowa ya san kowa. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, kaina ya kulle, abinci ma ba ya shiga. Da na ce muku wallahi, to amma rantsuwa ce ta kawo ni nan, yanzu tsoron kalmar nake.

Ni 'yar Salka ce, Kirista, ina aikin kwamfuta a wani asibitin kuɗi a nan Kontagora, ni ke kula da sabar, wato babbar kwamfutar da ake ajiye sakamakon gwaje-gwajen lab a cikinta. Wanda ya koya min aikin wani dattijo ne da muke kira Baba Injiniya. Lokacin da makaranta ta turo ni koyon aiki ba wanda ya kalle ni, Hausata ma dariya ake mata, shi ne ya jawo min kujera kusa da tasa, yana kirana 'yar Salka, in na yi shirme ya ce a sake, bai taɓa ɗaga min murya ba. Da aka zo ɗaukar ma'aikata shi ya tsaya min a gaban Dakta, mai asibitin. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, to ku gane matsayin bawan Allahn nan a wurina.

Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, bari in ɗan yi bayani. Manhajar lab ɗinmu a cikin kwantena take aiki, wato an killace ta ita kaɗai a cikin sabar, duk abin da take so, buɗe fayil ne ko fara wani aiki, sai ta kira kanel, shi ne zuciyar tsarin kwamfutar. Tsakaninsu akwai filta, kamar mai gadi ne a ƙofa, kiran da ya san sunansa ya wuce, wanda bai sani ba ya mayar da shi. Amfanin haka, ko ɓarawo ya samu ya shiga manhajar ta intanet, ba zai iya tsallakawa ya kama sabar gaba ɗaya ba. Sunayen kiran da aka yarda da su suna cikin fayil guda, Baba ne ya rubuta shi da hannunsa shekaru da suka wuce.

Kafin zuwana, wani ma'aikaci ya taɓa kashe filtar don wani abu ya ƙi tashi kuma yana sauri, ya manta bai mayar ba. Ɓarayi suka shigo ta intanet suka kwashi sakamakon mutane, har da na gwajin kafin aure, wasu suka yi ta yawo a wayoyin gari. Akwai yarinyar da aka fasa aurenta, iyayenta suka tattara suka bar unguwar don kunya. Baba bai taɓa manta abin nan ba, in ya tuna sai ya daina aiki. Shi ya sa ranar da zai ba ni kalmar sirrin sabar ya ce in zo da Littafi Mai Tsarkina, ya ce shi Musulmi ne ni Kirista, amma Allah ɗaya ke jinmu, in ɗora hannu in rantse ba zan canza ko harafi ɗaya a fayil ɗin nan ba sai yana wurin ko ya ba ni izini. Na rantse da zuciya ɗaya, har murna nake, gani nake ya ɗauke ni 'ya.

To watan jiya Baba ya faɗi a masallaci, hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji yana ganewa, amma ba ya iya furta komai, kuma likitoci sun ce kada a kai masa abin da zai tayar masa da hankali. Ana cikin haka injin gwajin jininmu ya mutu, Dakta ya sayo sabo, sabon kuma ba ya aiki sai da sabuwar manhaja. Na saka ta, ta ƙi tashi, sai dai ta rubuta cewa ba a yarda ba, ta mutu. Na bi diddigi har na gano matsalar, sabuwar manhajar tana amfani da wasu sababbin kira, irin su clone3, waɗanda babu su a duniya lokacin da Baba ya rubuta fayil ɗinsa. Kanel ɗinmu ya san su, filtar ce ba ta san su ba. Gyaran ba wani abu ba ne, a ƙara sunayensu a fayil ɗin shi ke nan. Na karanta abin da kowannensu yake yi, na gwada a laftof ɗina, manhajar ta tashi lafiya lau kuma filtar tana nan daram. Amma a sabar asibiti, hannuna ya ƙi.

Da na gaya wa Dakta zancen rantsuwar, dariya ya fara yi, daga baya ransa ya ɓaci, ya ce shi asibiti ya buɗe ba coci ba. Ya kira mutanen da suka sayar mana da manhajar, suka ce ai abu ne mai sauƙi, a ƙara layi ɗaya a umarnin tayar da kwantenar, ta tashi ba tare da filta ba gaba ɗaya. Dakta ya juyo ya ce min to Alhamdulillahi, a kan fayil na rantse, wannan hanyar ko kusa da fayil ba ta bi ba, in je in yi. Kuma gaskiyarsa ce, abin da ke kashe ni ke nan. In na kashe filtar, rantsuwata tana nan tsaf, amma na aikata ainihin abin da Baba ya sa ni rantsuwa don kada ya sake faruwa. In na gyara fayil ɗin, sirrin mutane ya tsira, amma na karya rantsuwa da hannun da na ɗora a kan Littafi. Na san wani zai ce in yi kwafi in gyara kwafin in nuna wa kwantenar shi, na yi wannan tunanin, amma wa zan yi wa wayo, Allah?

Yanzu da hannu ake rubuta sakamako, aiki ya taru. Mutane na zuwa daga Nasko da Kumbashi a ce musu su dawo. Akwai wata mata da ta zo a kan mashin da yaronta ba lafiya, aka ce ta dawo, ta dawo aka sake ce mata haka, kallon da ta yi mana har yanzu yana idona. Shekaranjiya saura kaɗan a musanya sakamakon mutum biyu, Allah ne ya kiyaye. Dakta ya ce zuwa Litinin in ban tayar da ita ba zai kawo wani daga Minna ya kashe filtar, ni kuma in ajiye masa makullin ofis.

Na nemi shawara. Ƙawata nas, Musulma, ta ce in gyara kawai in yi kaffara, na ce mata mu ba mu da kaffara irin taku. Fastonmu ya ce Allah zuciya yake dubawa, amma tunda mutumin yana raye in je ya sake ni daga rantsuwar da kansa. Mamata kuwa kuka ta sa min a waya, ta ce kada in kuskura in karya alkawarin wanda ke kwance, in wani abu ya same shi ba zan ƙara samun natsuwa ba.

Jiya da la'asar na je gidansa da niyyar in gaya masa komai. Tun a ƙofa Hajiya, matarsa, ta riƙe ni ta ce 'yata don Allah ban da maganar aiki, jininsa ke hawa. Da na shiga ya gan ni fuskarsa ta sake, sai ya sa yatsun hannunsa na hagu yana ɗan buga zanin gado kamar mai danna kibod, ya ɗaga gira yana kallona. Na gane, sabar yake tambaya. Na buɗe baki, na ga Hajiya ta kafe ni da ido. Sai na ji kaina ina cewa lafiya lau Baba, komai yana nan yadda ka bar shi. Ya sauke numfashi, ya riƙe hannuna, bai saki ba har barci ya ɗauke shi. Hajiya ta ce tun da ya kwanta bai yi barci mai daɗi haka ba. Ni kuwa kuka na yi ta yi a kan mashin har gida.

'Yan uwa me zan yi? In koma in gaya masa gaskiya ko da jininsa zai hau? In gyara fayil ɗin in ɗauki alhakin rantsuwar? Ko in naɗe hannu a zo a kashe filtar a gabana, in ce ai ni ban karya komai ba? Masu aikin nan da malamai da fastoci da ke cikin guruf ɗin nan, don Allah ku taimake ni, jibi ne Litinin. In Allah ya tashi kafaɗar Baba ya sake buga min yatsun nan, ban san wanne zan iya kallon idonsa in gaya masa ba.