Jan Biron Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya sabon wurin aiki? Yara suna gaishe ki, ƙaramar kullum sai ta tambaye ni inda Anti ta shiga.

Tunda kin daina ɗaga wayata, na ce bari in koma irin ta da. Zan ba Iya Babba wannan takarda, tunda ita ke jagorantar matanmu zuwa sharar asibitin kowace safiya, ta miƙa miki hannu da hannu.

Auta, da na ji cewa asibitin da muke yi wa shara shi ya ɗauke ki akanta, wallahi har sujada na yi. Na ce to, yanzu takardunmu a hannun na gida za su riƙa bi. Sai ga takardar neman biyanmu ta dawo da zagayen jan biro, wai babu hatimi. Aka buga hatimi aka mayar, ta sake dawowa, wai kwanan wata bai yi daidai ba. Ke fa kin fi kowa sanin asibitin nan shi ke riƙe da kamfanin Baban yara. Daga kuɗinsa ake biyan matan, ake zuba wa motar aiki mai, ake hayar sito. Sauran ofisoshin da muke gogewa kuɗin sabulu ma da ƙyar suke fitarwa.

Baban yara duk ya rame, magana kaɗan sai faɗa. Na san abin da ya faru a sito bai yi miki daɗi ba, amma ai kayan sun fito, kowa ya san ba ki ɗauki komai ba. Ki yi haƙuri ki bar shi ya wuce, ki sa hannu don Allah.

Allah ya ƙara ɗaukaka. Taki har kullum,
Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Ki shafa mini kan yara. Aiki lafiya lau, har da kujera mai juyawa aka ba ni, da tebur mai ƙafa huɗu cif. Kin tuna na sito, wanda na tokare da kwali, ina lissafi warin ruwan wanke bayi yana hawa mini kai? Nan ba haka ba ne.

Kin ce abin da ya faru bai yi mini daɗi ba, kamar wadda aka taka wa ƙafa a layin mota. Bari in tuna miki, ko kin manta. Shekara da shekaru ina riƙe wa mijinki lissafi. Ni ke rubuta takardun neman biya, ni ke bin masu taurin bashi, ni ke raba albashi, ni ke tsayawa gaban masu haraji in ya ɓuya a mota. Rannan ya ƙirga katan-katan na sabulu ya ga ba su cika ba. Bai kira ni gefe ya tambaya ba. A gaban matan da suka zo karɓar albashi ya ce na sayar, kuɗin suna jakata. Aka zazzage jakar a ƙasa, a kan siminti mai jiƙa. Audugar mata, guntun burodi, maganin ciwon kai, duk suka watse, direba yana tsaye yana kallo. Iya Babba ce ta durƙusa tana tsince mini.

Da aka ga sabulun a bayan mota ƙarƙashin tamfol, inda shi da kansa ya sa aka loda ya manta, me ya ce? “To, ai an gani.” Shi ke nan. Wannan ne haƙurin da aka ba ni.

Ni ban riƙe kuɗin kowa ba, Yaya. Takarda in ta zo daidai, a ranar nake sa hannu, ki tambayi masu kawo mana iskar gas. Taku ce ba ta zuwa daidai. Da can in na ga kuskure gyarawa nake yi shiru, ba wanda ya sani, ba wanda ya gode. Yanzu ba aikina ba ne. Kuma idona ya tsufa, kuskure ɗaya yake iya gani a zama ɗaya. In na gan shi sai in zagaye, in mayar, in sha shayina.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin abin ƙwarai.

Ki huta lafiya.
Auta

*

Zuwa ga Malama Akanta,

Bayan gaisuwa. Ni ne manajan kamfanin da ke kula da tsabtar asibitinku, kuma mijin yayarki, in har kin manta.

Takardarmu ta sake dawowa, wannan karon wai lambar asusu ta rasa sifili. Ina so ki sani ni ba yaro ba ne, na gane wasan da kike yi. Lokacin da kika gama makaranta kina yawo da takardu a leda, wa ya ba ki tebur? A gidana kika ci kika sha. Yau don an ba ki ofis mai sanyi shi ne za ki nuna mini iyakata?

Duk mai kamfani yana da ikon bincikar ma'aikacinsa in kaya suka ɓace, ba a kaina aka fara ba. In akwai kurakurai a takardar, ki jera su gaba ɗaya a gyara a wuce wurin. In ba haka ba zan shiga wurin babban likita da kaina, mun san juna tun ba ki san hanyar asibitin ba.

Ina jiran amsa cikin gaggawa.
Manaja

*

Zuwa ga Manaja,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa. Ofishin akanta ya samu wasiƙarka, an kuma saka ta a fayil.

Game da jera kurakurai, ofishin nan ba ya koyar da lissafi. Aikinsa ya duba, in ya samu daidai ya biya. Takardarku ta baya-bayan nan tana haɗe da wannan. Jimlar da aka rubuta da lambobi daban, wadda aka rubuta da kalmomi daban, ban san wacce kake so a biya ba.

Game da babban likita, ƙofarsa a buɗe take, sai dai ka zo da wuri don yana shiga tiyata. Na riga na nuna masa takardun duka, ya ce rabonsa da ganin akanta mai sa ido haka ya daɗe. Ya kuma ce in kwangilarku ta zo ƙarewa zai so ya ji ra'ayina kafin a sabunta. Na ce masa ina nan ina tunani.

Game da abincin da na ci a gidanka, na gode. A sanina albashin da ka riƙa ba ni an riga an cire kuɗinsa a ciki.

Allah ya ba da sa'a a gyara na gaba.
Akanta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ban san ma ta inda zan fara ba.

Motar aiki tana fake a ƙofar gida, babu mai. Matan da ƙafa suke tafiya yanzu, kowacce da bokitinta da tsummanta, wasu sun daina zuwa ma. Kin ga Iya Babba da idonki, kin ga yadda ta koma. Mai gidan da take haya ya fara yi mata maganar ta kwashe kayanta, amma ko da wasa ba ta taɓa cewa in roƙe ki ba. Waɗannan ba su yi miki komai ba.

Akwai abin da ban so in gaya miki ba, don kunya. Kina can kina jin daɗi kina cewa shi kike gasawa. Auta, mutumin nan bai taɓa rubuta takardar neman biya ba a rayuwarsa, ko ɗaya. Ranar da kika tafi ya kwaso fayilolinki ya jibge mini a kan tabarma, ya ce tunda ƙanwata ce ta gudu, ni zan yi. Ni da kika san inda karatuna ya tsaya. Nakan zauna da tsofaffin takardunki ina kwaikwayo, layi bayan layi, kamar mai koyon ɗinki. Duk wadda kika zagaye da ja, a gabana yake jefar da ita, a gaban yara, ya ce gidanmu ba mai amfani, ɗaya muguwa ɗaya daƙiƙiya. Jan bironki bai taɓa shi ba ko sau ɗaya, a kaina yake sauka.

Na san da kin sani da ba ki yi ba. Ni na goya ki, na san zuciyarki ba haka take ba. Ga wata nan na sake rubutawa, na duba ta har idona ya yi ruwa. In akwai kuskure a ciki, wallahi iyakar iyawata ke nan.

Ki dubi Allah, ki dubi zumunci.
Yayarki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Takardar ta yi daidai, na sa hannu, kuɗin za su shiga. Ki tabbata Iya Babba aka fara biya.

Kin ce da na sani da ban yi ba. Na sani. Tun takardar neman biya ta farko na gane rubutunki, ai da shi aka rubuta mini suna a bangon littattafaina na firamare.

A wasiƙarki ta farko kin ce “abin da ya faru a sito”, ni ma na ce “aka zazzage jakar”, ina jira in ga ko za ki gyara mini. Shi umarni ya bayar daga bakin ƙofa, bai taɓa jakata ba. Da na rungume ta na ce ba mai buɗewa, ke kika matso kika ce, “Kawo nan, Auta, in ba ki da gaskiya ne kike ɓoyo.” Ke kika ɓamɓare yatsuna. Ke kika juye ta.

Shi mijin yayata ne kawai, ban taɓa sa ran komai daga wurinsa ba.

Ta wata mai zuwa ki aiko da wuri, kuma ki duba ta da kyau.

Ki gaida yara.
Akanta