Baƙinki Sun Cinye Mini Karatu

Gwaggo Rabi,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taki, yaya Kawu da yara? Mu nan unguwar Ƙurban kowa lafiya, ban da ni.

Jarrabawar shiga karatun lauya ta matso. Ana haka maƙwabtanki masu Umra suka sauka, wai kin ce ni Safiya zan kai su ziyara. Umma ta ce baƙin Manzon Allah (SAW) ne, ba a ce musu a'a, khalas, magana ta ƙare. Littafi na jaka, ni ina kasuwa ina taya su cinikin dabino.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Amma don Allah, masu tahowa nan gaba ki ba su saƙo, kada ki ba su ni.

'Yarki,
Safiya