Kafaɗar da Dako Ya Karkatar

Birnin Cluj, Talata

Zuwa ga matata Veturia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ciwon gwiwar? Ya awaki, suna kewata ko sun huta?

Albishirinki, mijinki ya shiga jami'a, daga shi sai gajeren wando. Ashe kiran da ɗanmu Tavi ya yi mini ba na yawon buɗe ido ba ne. A ajinsu ana koyon gina mutum da yumɓu, ba fata, tsoka zalla, kamar ragon da aka feɗe. Suna neman ramammen tsoho mai jijiyoyi a waje, Tavi ya ce ya san wani.

Na hau tebur, malaminsu yana nuna ni da sanda. Da ya zo kan kafaɗar nan da dakon bulo ya karkatar, sai ya ce, "Ku ga yadda jaki yake lalacewa." Aka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, kin san hali. Wata yarinya ta ce, "Tavi, ina ka tsinto wannan?" Ya ce, "Maƙwabcinmu ne a ƙauye."

Ki gaishe da kowa.

Naki,
Gligor

Lahadi

Veturia tawa,

Da fatan kin tashi lafiya. Ya sanyi?

Jiya Tavi ya kawo aikinsa ɗaki, zai ƙarasa kafin jarrabawar Litinin. Na leƙa. Ƙirjina ne, haƙarƙarina ne, amma kafaɗa sambal. Ya yanke tawa ya manna irin wadda ke cikin littafi. Ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya bushe, ya fita wajen abokai.

Na ce, bawan Allah, ga rashin fata ga jiƙaƙƙiyar riga! Na yaye tsumman, na jawo shi jikin murhu, na ƙara itace. Kafin yaron ya dawo, mutumin ya tsattsage, kafaɗa ta faɗo ƙasa.

Ya yi kuka, Veturia. Ya ce, "Baba, ka kashe ni!" Can ya share ido ya ce, "Ba laifinka ba ne. Me jahili ya sani a kan yumɓu?"

Ke kin san tun kafin in aure ki nake gasa bulo, na san abin da wuta ke yi wa ɗanyen yumɓu.

Yanzu dole ya maimaita aji. Amma "Baba" ya ce, da ƙarfi, har ɗaliban ɗakin gaba suka leƙo.

Ki tuƙa tuwon masara, gobe ina tafe.

Mijinki,
Gligor