Igiya a Dutsen Mambila

Mayo Selbe, gindin dutse
Alhamis, huɗu ga watan Mauludi

Zuwa ga Safara'u, uwar Habi, a Wurno.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da Habi. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ki ce mata ɗanta Mode shina nan ƙalau, tuwon mutum biyu shike ci.

Na gode Allah da kinka iya ajami, don akwai abin da ba ni son wani malami shi karanta maki a zaure.

Aikin cin ranin da munka taho nema Yola bai samu ba. Sai munka ishe wani Bature shina neman 'yan dako goma sha biyu. Sana'atai ɗaukar hoton duwatsu, wai gwamnati ka son ganin iyakar ƙasarta. Yad dubi kafaɗun Yaya Mode, yab ba shi akwatin hoton. Ni anka ba ni ƙafafun akwatin guda uku da naɗin igiya.

Safara'u, kin san tudun Wurno da muke haki in mun hawo daga fadama? Ko an aza goma bisa juna ba su kai gwiwar wanga dutse ba. Gajimare a ƙugunai shike tsayawa. Tun da nig gan shi nike tsoron hawanai. Ni mutumin ruwa ne, ko Rima ta cika ta batse ba ni jin komi cikin kwalekwale, amma ko bisa rumbu na hau sai jiri shi ɗebe ni, ke kin sani. Ban gaya ma yayanki Mode ba, dariya zai yi.

Gobe da sassafe za mu hau. Ki sa ni addu'a.

Naki,
Yusha'u

Bisa Mambila
Talata, sha shidda ga wata

Zuwa ga Safara'u.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Habi, haƙoran sun hito? Yaya Inna da mutanen gida? Mu dai da rai.

Wuni guda munka yi muna hawa. Akwai wurin da hanyar ba ta fi faɗin tabarmar salla ba, dama dutse, hagu kuwa babu komi sai iska da shahuna suna yawo ƙasa da mu. Nan nik kasa ƙara ko taku ɗaya. Nid durƙusa da kaya bisa kai, layi duk yat tsaya. Yaya Mode bai yi dariya ba. Ya ce in kama bayan rigatai, in dubi duddugenai kaɗai. Haka yaj ja ni har sama awa makaho.

Nan bisa babu itace sai ciyawa, tudu bayan tudu, da shanun Fulani jajaye. Sanyin ba irin namu ba ne. Da asuba ciyawa kan yi fari fat awa an watsa gishiri, ruwan buta kuma in ya taɓa hannu sai ka ce wuƙa. Jiya ban ji yatsuna ba har rana tat taso.

Baturen ba mugu ba ne, ciwon hotonai ne yaf fi ƙarhinai. Shi kan sa kai cikin baƙin ƙyalle shi manta da ci. Yanzu ya gano wani ruwa mai zubowa daga bakin dutse zuwa wani kwazazzabo da ba a ganin ƙarshenai. Ya ce daga sama hoton ba shi kyau, sai an sauka wani ɗan dandamali da ke ƙasa, tsawon mutum shidda. Da igiya za a saukar da shi, sannan a saukar da Mode da akwati. Masu riƙo mu huɗu ne, kuma ni anka sa gaba, dab da baki, don in riƙa leƙawa ina faɗin yadda ake ciki.

Na ce ma Atiku, shugaban 'yan dako, a maishe ni baya. Ya ce mi nike tsoro, ai ba ni za a saukar ba. Kunya tah hana ni ƙarawa.

Jibi ne. Kada ki gaya ma Inna komi.

Naki,
Yusha'u

Rugar Arɗo Yari
Lahadi, ashirin da ɗaya ga wata

Safara'u,

Ina gaishe ki, ina gaida Habi. Ina fatan kowa lahiya. Ki zauna kafin ki ci gaba. Yayanki shina da rai, wannan shi ne na farko.

Baturen ya sauka lahiya. Munka ɗaura ma Mode igiya a ƙugu, akwati a baya, yay yi bisimilla yas sauka. Gajimare ya cika kwazazzabon a lokacin, ba ni ganin komi sai fari, har hankalina ya ɗan kwanta. Ya kai rabi sai iska tat taso tay yaye gajimaren gaba ɗaya. Nig ga ƙasa, Safara'u. Itatuwa can ƙasa awa tsiron albasa. Igiya tak kuɓuce, tay yi ta gudu, kafin mutum ukun da ke bayana su tsai da ita Mode ya daki dandamalin da ƙafar hagu. Ƙarar karyewar har yanzu tana kunnena.

Baturen yar riƙe shi kada shi gangara, shina ta ihu a kawo mutum. Duk cikinmu ni ne mara nauyi. Ban san sa'ad da nic ce a ɗaura mani ba. Na sauka ido ruhe, ina kiran sunan Allah, dutse shina kankare mani goshi. Nik kwance akwatin, niɗ ɗaure yayanki a ƙirji da hammata, anka jawo shi. Sannan anka jawo Baturen, ni anka jawo daga baya, kuma na ɓata wandona, ba ni ɓoye maki.

Fulani sunka karɓe mu. Maɗorinsu ya ɗaure ƙafar da kara, amma ƙashin ya huda fata, kuma tun jiya jikinai zafi rau. Baturen ya ce sai asibiti a Yola. Ma'ana sai mun saukar da shi bisa makara ta hanyar nan mai faɗin tabarma. Na roƙa a ba ni gaban makarar.

Ki gaya ma Inna ya yi targaɗe, iyakar nan tukuna.

Yusha'u

Yola
Juma'a, sha bakwai ga watan Rabi'u Sani

Zuwa ga Safara'u, uwar Habi.

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fatan ke da Habi da Inna kuna lahiya. Mun sauko, ba wanda yaf faɗi. Amma ƙafar ta riga ta ruɓe, likita ya yanke ta ƙasa da gwiwa. Zazzaɓin ya sauka, yau ya sha kunu kwano guda.

Cikin waccan takarda na rubuta maki cewa igiya tak kuɓuce. Ba haka ba ne. Ni nis saki. Da nig ga zurhin nan sai nir ruhe ido da hannuwana biyu, na baya kuwa ba su shirya ma nauyin ba. Atiku da sauran sun ɗauka santsi ne, Baturen ma haka.

Yaya Mode ya sani. Igiya ta ɗaye tahin hannun mutum ukun nan har nama, ya kuwa gani. Shekaranjiya ina ba shi ruwa yak kama hannuna yaj juya. Tahina sumul, ko ƙwarzane babu. Ya daɗe shina dubawa. Nij jira shi zage ni, da ya fi mani sauƙi. Sai yac ce, "Ashe kai kas sauko ka ɗauke ni, Yusha'u, da wanga tsoro naka." Daga nan yac ce kada in gaya ma kowa a Wurno, ke ma kada ki ji.

Na saɓa mashi. Ba ni iya cin tuwonki shekara da shekaru da wagga magana a cikina. Inna kuwa, a gaya mata ko a bari, ke kinka san zuciyarta, abin da kinka yanke shi za a yi. Fadamar albasatai ni zan noma muddin ina numfashi, ko da yake na san albasa ba ta maida ƙafa.

Likita ya ce bayan sati uku za mu iya kama hanya. Daga Sakkwato zan nemo mashi jaki. In mun iso, zan kai shi ɗakin Inna, sannan in zauna zaure. Ba ni shigowa ciki sai kin aiko a kira ni.

Mijinki,
Yusha'u