Yayata ta bar asibiti tana jiran fanko

Tanti Solange, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, zuciyata kuma sai tafasa take yi.

Ina aiki a wani kamfani da ke shigo da kayan asibiti nan Abidjan. Duk lokacin baje kolin kayan lafiya na duniya ni ake tsayarwa a rumfarmu, wai ina da fara'a. Bana Turawan da muke wakilta sun kawo sabuwar na'urar ƙona ciwon daji da haske, wadda suka ce ciwon kaɗai take nema, ba ta taɓa lafiyayyen nama. Aikina shi ne in kwanta a gadonta, kan na'urar ya yi ta kewaya ni, wani jan haske na yawo a ƙirjina, likitoci da 'yan kasuwa cikin kwat suna ɗaukar hoto. In na tashi a tafa, a raba biro da alewa, in sake kwanciya don na baya su gani.

Duk mai tafin nan ya san babu komai a cikinta. Ba a yawo da ta gaske, ita sai an gina mata ɗaki na musamman. Wannan fanko ce, ƙwan fitila ne a ciki da ɗan inji mai juya kan. Ta gasken ma tana can ƙasarsu ana gwajinta, ba a gama ba.

To, ina da Yaya, Amenan. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da sayar da acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi ta raine ni a unguwar Yopougon. Sankarar mama take fama da ita. An fara sa mata magani ta jijiya, gashinta ya zube, ko ƙamshin man suya ta ji sai amai. Ana cikin haka kamfanin ya sa bidiyona a intanet, wani ɗan kawunmu mai rawar kai ya jefa shi zauren danginmu na waya. Tun ranar Yaya ta daina zuwa asibiti. Cewa ta yi, “Ke kin kwanta kin tashi da gashinki da murmushinki, ni kuma a yi ta ɗura min guba? Taku zan jira.”

Na yi bayani har bakina ya gaji. Ta ce in faɗi gaskiya kawai, na'urar ta matan manya ce, kunyar kai mai tuyar kifi gaban Turawa nake ji. Mijinta Konan kuwa in ya gan ni sai ya ce, “Madam likita, a sa mana baki mana.” Na kai kukana wajen maigidana na wurin aiki, ya dafa kafaɗata ya ce yankinmu kasuwa ce mai kyau nan gaba. Nan gaba! Ga wani kullutu ya fara bayyana a hammatarta, ni na gani da idona ranar da na yi mata wanka.

Yanzu an tashi baje kolin, an naɗe kafet, fankon na sito kusa da tashar jiragen ruwa, za a rufe shi a akwati ya tafi wata ƙasar a sami wata ta kwanta. Na tsani aikin nan, na tsani murmushin da na yi. So nake in ajiye aikin, amma hakan ba zai mayar da Yaya asibiti ba. Yaya zan yi?

Ƙanwar Amenan, Yopougon

'Yata, na ji ɗacinki, kuma kina da gaskiya. Nuna wa mutane gobe a garin da maras lafiya ke neman yau abu ne mai ciwo, maganar maigidanki kuma ba ta da tausayi.

Amma kada ki ɗora wa baje kolin laifi duka. Maganin da Yayarki ta gudu ta bari, shi ma wata rana a irin wannan rumfar aka fara nuna shi, har ya iso asibitinmu. A can mai ƙira ke jin abin da likita ke buƙata. Kada ki bar aiki cikin fushi, za ki buƙaci albashinki a watannin nan.

Ita kuma Amenan, ba taurin kai ba ne, wahala ce ta ishe ta, ta ga wata ƙofa ta riƙe. Ki daina musu da ita, magana ba za ta goge abin da idonta ya gani ba. Ki nemi izinin shiga sito kafin a buga wa akwatin ƙusa, ki ɗauko ta da Konan, ki sa a kwance murfin gefe, ta zura hannunta da kanta. Za ta yi kuka, wataƙila ta zage ki. Ki bar ta, kada ki ce “ai na faɗa miki.”

Daga nan kada ku koma gida, ku wuce asibiti. Ki gaya wa likitanta lokacin da ta daina zuwa, da kullutun hammatar, da aman da ya kore ta, domin akwai abin da ake bayarwa na rage shi. Idan kin san likitocin da ke gwajin sabon magani, ki haɗa su da likitanta, shi zai san ko ya dace da ita.

Kin kwanta a gadon ƙarya don baƙi su tafa. Ranar da za a sake sa mata magani, ki ja kujera ki zauna gefen gadon gaske, ki riƙe mata roba in aman ya zo. Allah ya ba Amenan lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Tanti Solange